Tsigi a Ƙafar Shaho

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafa? Ya ƙugu? Ya sauran haƙoran, ko an ƙara yin rashi cikin dare?"

"Haƙorana ukun nan sun fi duk danginki daraja."

"Dangina ai kai ne tushensu. Ka ga kuwa dole a yi mana uzuri."

"Matsa min daga ƙofa, Tsigi, kar in taka ki in ɗauka tsakuwa ce."

Mai tambayar haƙoran 'yar yayana ce, shekararta goma sha ɗaya, da ƙyar take leƙo saman kantar shagona. Wanda take yi wa tsiwar kuwa mahaifina ne, kakanta. Shi ya laƙaba mata Tsigi, sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu, tun tana rarrafe, saboda ƙanƙanta da yawan baki. Ni da nake 'yarsa, in na yi masa rabin abin da take masa, sai na yi sati ina neman gafara. Ita kuwa jika ce, da lasisinta aka haife ta.

Shagona na buga takardu ne da sitika. Akwai injin kwafi a bakin ƙofa, akwai babban injin sitika da ya cinye rabin ɗakin, sai dogon tebur a can ciki. Duk Asabar da hantsi nakan kwashe tarkacen kan teburin, in jera kwamfutocin hannu guda huɗu masu allon taɓawa, yara shida na unguwa su zo su koyi zane da manhaja. Tsigi ce babbarsu, don haka allonta na haɗa da talabijin ɗin bango, duk abin da ta zana kowa ya gani ya kwaikwaya.

Baba kuwa shekara arba'in ya yi yana zanen bayan manyan motoci da allunan shaguna, da buroshi da gwangwanin fenti. Sitika ba ta da suna a bakinsa sai "leda mai gam". Bai taɓa shigowa shagona ba tare da ya yatsina fuska ba, sai ka ce an kawo shi mahauta.

Abin da duk gidanmu muka sani, amma ba mai faɗa, shi ne hannunsa na dama rawa yake. Shekara biyu ke nan. A aljihu yake ajiye shi, kofin shayi ma da hannu biyu yake tallafowa ya ce wai zafi ne. In aka kawo masa aiki sai ya ce mutanen yanzu ba su san zane ba, ba zai ɓata fentinsa ba. To ranar Laraba sai ga tsohon amininsa, Direba, da ɗansa da ya sayi babbar mota. Direba ya ce ba abin da yake so a bayan motar ɗan nan sai shahon da Baba ya zana masa a tasa motar tun suna samari. Bakin Baba ya riga hankalinsa, ya ce su zo shagona ranar Asabar da azahar su ga samfur a takarda. Jiya Innarmu ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce ta sharo kwali goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado, duk a duƙunƙune. Yau Asabar. Ko dai shaho ya fito kafin azahar, ko Baba ya faɗa da bakinsa a gaban amininsa cewa hannun ya ƙare. Na san mahaifina, ya gwammace a cire masa haƙoran ukun ba allura.

"Ke," Baba ya ce da ni, "ba ni farin kwali biyu, mai kauri."

"Kwali kuma?" in ji Tsigi. "Na jiya da na shekaranjiya fa? Goggo, ina jin Tsoho cin kwali ya koma, tunda nama ya fi ƙarfin bakinsa."

Na galla mata harara. Ko a jikinta.

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya juya ya ƙare wa yaran kallo. "Su kuma waɗannan da aka jera kamar masu jiran allura, me suke yi?"

"Zane," in ji Tsigi.

"Zane! Ina fentin?"

"Yana ciki."

"Ina buroshin?"

"Yana ciki. Guda ɗari biyu."

"Ina kananzir ɗin wanke hannu?"

"Mu ba ma ƙazanta a nan."

"To ku ba masu zane ba ne, masu shafa gilashi ne. Ƙuda ma haka yake yi a taga, ba wanda ya taɓa ba shi takardar shaida."

"Ƙudan dai ya fi wani aiki. Shi kullum yana bakin taga, wani kuwa shekara biyu yana hutu."

Na ce a raina yarinyar nan za ta ja mana. Amma Baba ya shanye, ya taka zuwa ƙarshen teburin inda ƙaramar cikinsu take, 'yar mai wankin layinmu, shekararta biyar. Ta fito da harshe waje tana ta fama da allo. Ya sunkuya ya daɗe yana duba abin da ta zana.

"Wannan dankali ne, ko hatsari aka yi?"

"Mamata ce," in ji yarinyar da alfahari.

"Allah ya ƙara wa babanki haƙuri."

Gaskiya Baba bai yi ƙarya ba. Wata uku ina kallon zanen yaran nan, iyayensu na zuwa suna cewa ma sha Allah, ni ma ina taya su, amma rabin abin da suke zanawa sai an yi mini bayani nake gane sama da ƙasa.

Tsigi ta biyo shi da allonta a hannu. "Bari in nuna maka abin da zamaninku bai gani ba. Ka ga wannan layin? Ban so shi ba. Sai in taɓa da yatsa biyu. Ka gani? Ya tafi."

"Ina ya tafi?"

"Inda gashin kanka ya tafi."

"Shi ya sa ba za ku taɓa iyawa ba. Mu in ka yi kuskure a bayan mota, shekara goma kuskuren zai yi yana yawo gari-gari, da sunanka a ƙasansa. Kafin mu ɗora buroshi sai mun yi tunani har kai ya yi zafi. Ku kuwa an raba muku tuba kyauta, ina za ku ji tsoron laifi?"

"Ashe shi ya sa har yau in an ga tsohuwar mota da zaki mai fuskar jaki, sai a ce aikin kakana ne."

"Zakina? Zakin da na zana a motar mai katako, karnukan tasha sai da suka yi ƙaura!"

"Kunya ce ta kore su."

Yaran suka kwashe da dariya. Tsigi ta danna wani abu, sai ga hoto ya cika talabijin ɗin bango. Tsuntsu ne, ko kuma wani abu da ya taɓa jin labarin tsuntsu.

"To ga nawa. Tun safe nake kansa. Ka ga shahona?"

Baba ya tsaya cak. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai.

"Wannan ne shaho?"

"Shi ne."

"Na ɗauka kaza ce aka tsamo daga randa."

"Hassada ce."

"Hassadar me? Dubi baki, na agwagwa. Dubi ido, sai ka ce an tashe shi daga barci. Shaho in zai kawo farmaki, ƙafafu gaba suke yi, fikafikai su koma baya, ƙirji ya fito. Naki ya buɗe hannuwa kamar jaririn da ke so a ɗauke shi. Kin taɓa ɗaga kai kin kalli sama kuwa, ko tun da aka haife ki gilashi kike shafawa?"

Na san hannun Tsigi. Yarinyar da ta zana ni a bayan injin nan har da tabon goshina, ba ita za ta yi wa shaho bakin agwagwa ba. Da gangan ta lalata shi. A lokacin na gane Innarmu ba ni kaɗai ta kira jiya ba.

"Shahon da na zana wa Direba," Baba ya ci gaba, ya fara ɗaukar zafi, "in motar ta ratsa ƙauye, kaji ƙarƙashin kwando suke shigewa. Masu kiwo sun taɓa yo ƙungiya suka kawo ƙarata, wai kajinsu sun daina ƙwai."

"Na ji labarin. An ce dariya kajin suka yi ta yi har suka manta da ƙwan."

"Ke da ba a haifi ubanki ba a lokacin!"

"To ai ga fili, sarkin shahuna. Zo ka gyara min." Ta miƙa masa alƙalamin allon.

"Ba na zane da tsinken roba."

"Tsoro kake ji."

"Tsoron me? Faranti?"

"Kar ka damu, ba ya cizo. Ko da yana yi ma, sai dai ka roƙe shi aron haƙora."

"Ke, Tsigi!" na ce. "Ya isa haka."

Amma an riga an taɓo inda ake so. Baba ya ja kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya zaro hannun daga aljihu. Na daɗe ban ga hannun nan a fili haka ba, ya rame, jijiyoyi sun fito. Ya karɓi alƙalamin, ya kai bakinsa ya lasa kan, ya murza shi a tafin hagu kamar yadda yake yi wa buroshi don gashin ya haɗu. Yaran suka fashe da dariya.

"Tsoho, ba a cinsa fa," in ji Tsigi.

"Rufe min baki. Buɗe min farar takarda."

Ta buɗe. Ya ɗora alƙalamin, ya ja numfashi, ya ja layin fiffike daga sama zuwa ƙasa.

Da a kan kwali ne, da shi kaɗai zai gani ya duƙunƙune. Amma allon Tsigi a haɗe yake da talabijin. Layin ya fito a bango da faɗin hannun mutum, yana karkarwa tun daga farko har ƙarshe, ba lanƙwasar da ta ɓuya.

"Laa, tsutsa!" in ji 'yar mai wanki.

Yaran suka zuba wa bangon ido. Baba ya ɗaga kai yana kallon bangon. Abin da ya ɓoye shekara biyu a aljihu, ga shi an rataye a gaban yara shida. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin Tsigi. Na yi niyyar in fizge wayar talabijin ɗin.

Tsigi ta riga ni. Ta ja wani dogon tsaki, ta warce allon daga gabansa.

"Wa ya taɓa min kaya? Wa ya bar min shi a kan buroshin igiyar ruwa? Ku yaran nan ba ku da tarbiyya wallahi. Mutum ya juya baya kaɗan sai ku dagula masa komai." Ta taɓa da yatsa biyu, tsutsar ta ɓace. Sannan na ga babban yatsanta ya ja wani abu a gefen allon, da sauri, ta mayar masa. "Sake. Kuma wannan karon kar ka lashe min alƙalami."

Na san abin da ta ja. A manhajar akwai wani ma'auni daga sifili zuwa ɗari, wanda ke daidaita layi in hannun mai zane bai tsaya ba. Don ƙananan yara aka fi amfani da shi, su ne ma suka sa masa suna riƙe-ni. Tun farko ta shirya za ta sa masa, surutu ne ya ɗauke mata hankali ta manta.

Baba ya daɗe yana kallon farin allon. Na ɗauka tashi zai yi. Sai ya sake ɗora alƙalamin, ya ja.

Layin ya sauko sumul, ya lanƙwasa inda ya kamata, ya ƙare da tsini. Baba ya kalli bango, ya kalli hannunsa. Ya sake jan wani a gefensa. Shi ma haka.

"Hm," ya ce. "Farantin naku ba laifi."

"Na gode a madadinsa."

"Ban yabe ki ba. Ba ni baƙi mai kauri."

Daga nan ba wanda ya ƙara jin kansa. Fiffiken dama ya fito da ja uku, na hagu da ja huɗu. Ƙirji ya turo gaba. Ƙafafu suka miƙe, farata a buɗe. Yana yi yana faɗa, ita kuma tana tsaye a kafaɗarsa tana canza masa launi tana ramawa.

"Ba ni ja. Ba wannan ba, wannan jan tumatir ne. Jan da ya sha rana nake so."

"Babu jan da ya sha rana. Akwai lamba."

"To nemo lambar da ta sha rana."

"Wannan?"

"Ƙara duhu. Ke makauniya ce? Yawwa. Yanzu rawaya na ido."

"Ido ɗaya za ka yi masa? Irin naka da ba ya gani sai an matso?"

"A gefe yake, sakarya. Kin taɓa ganin shaho ya tsaya ɗaukar hoton fasfo?"

Yaran duk suka bar allunansu suka zagaye shi. Wanda ɗazu ya kira su ƙudaje, shi ne yanzu yake nuna musu yadda ake barin ɗigon fari a cikin ido don ya yi rai, da yadda gashin fiffike ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi. Ni kaina na bar wani mai kwafi a tsaye har ya gaji ya tafi. Rabona da ganin Baba haka tun ina yarinya, ina riƙe masa gwangwanin fenti a tashar mota.

An fi awa ana haka. Saura inuwar ƙarƙashin fiffike, sai ya tsaya. Ya ja wani ɗan layi a gefe a hankali, yana kallon bakin alƙalamin. Ya sake ja.

"Tsigi."

"Na'am, Tsoho."

"Me ya sa layin nan yake biyo ni a baya, kamar akuyar da ake ja da igiya?"

"Haka yake. Girmama ka yake yi, ba ya so ya shiga gabanka."

"Kar ki raina min hankali. Shekara saba'in ina tare da hannun nan. Na san gaskiyarsa, na san ƙaryarsa. Ina jin sa yana rawa, amma a bango ba ya rawa. Me kika yi?"

Tsigi ta kawar da kai. Sai 'yar mai wanki, wadda ba a tambaye ta ba, ta taimaka.

"Riƙe-ni ne! Ni ma shi ake sa min, don hannuna bai yi ƙwari ba."

Baba ya ajiye alƙalamin a hankali. Ya mayar da hannun aljihu. Ya dafa tebur da hagu ya miƙe.

"Ashe keken koyon tafiya aka ɗora ni," ya ce. "Ina ta murna, ashe injin ne yake zane, ni kuwa an ba ni tsinke in riƙe don kar in yi kuka." Ya juyo gare ni. "Ba ni kwalina in tafi."

Na duba agogo, sha biyu ta wuce. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, na kuma san haƙurin shi zai ƙarasa kashe shi. Tsigi ba ta ba shi haƙuri ba.

"Ba shi, Goggo. Ba shi guda goma ma, ya je ya ƙara wa matarsa shara a ƙarƙashin gado." Ta fizgo allon 'yar mai wanki ta ɗaga a gaban hancinsa. "Ka ga wannan? A kan ɗari aka zana ta. Ɗari cif, ƙarshen ma'auni. Ka ga ta koma mutum?"

Baba ya kalli dankalin mai ƙafa huɗu.

"In injin ne yake zane, me ya hana shi tausaya wa matar nan? Ni kuma hannuna ko kaɗan ba ya rawa, ga kazata can ka gani. Riƙe-ni bai san inda ƙafar shaho take ba. Bai san jan da ya sha rana ba. Layi kawai yake miƙarwa, ko na shirme ne."

"Surutu."

"Ban gama ba. Sandar nan da ke bayan ƙofar ɗakinka, mai ƙullin tsumma a kai, ta mece ce?"

"Ba ruwanki da ita."

"An ce in kana zanen mota, kanta kake dafawa a jikin ƙarfe, ka jingina hannunka a kai don kar ya kauce."

"Wannan kayan aiki ce. Kowane mai zane yana da ita."

"Oho! Tun kana da haƙora talatin da biyu kake yawo da riƙe-ni na itace, ba wanda ya ce sanda ce ta zana shaho. Yau don an ba ka na lantarki shi ne za ka kumbura mana kamar burodi?"

Gaskiyarta. Sandar nan na san ta tun ina ƙarama, ni nake ɗauko masa ita in ya manta. Baba ya tsaya a tsakiyar shago. Yaran suka yi tsuru-tsuru. Can sai ya ja kujerar da ƙafa, ya koma ya zauna.

"Nawa kika sa min?"

"Tamanin."

"Ita mai dankalin?"

"Ɗari."

"Mayar da ni saba'in da tara. Ba za a ce ashirin ce kawai tsakanina da 'yar shekara biyar ba."

Ta mayar. Ya gama inuwar, ya gyara farata, ya sa hannu a ƙasa da irin rubutunsa mai wutsiya. Daga nan ya kare allon da kafaɗa, ya ce a kashe talabijin, yana da ɗan ƙarin da ba na yara ba. Na kashe.

Ana kiran azahar sai ga Direba da ɗansa. Direba ya tsufa ya fi Baba, tabarau ɗinsa kamar gindin kwalba. Na kunna talabijin. Ya tako har gaban bangon, ya ɗaga yatsa yana ƙirga gashin fiffiken hagu. Ya kai wani wuri ya tsaya, inda gashi ɗaya ya yi giɓi.

"Ga shi nan," ya ce. "A ranar, fenti ne ya ƙare mana, ka ce a bar shi haka, shahon da ya yi faɗa ne. Wallahi shi ne. Shi ne nawa."

"To yaushe za a fara a jikin motar, Baba?" in ji ɗan. "In kawo ta gida, ko tasha za ka zo?"

Baba ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗaga shi sama a gaban kowa. Yana rawa kamar ganye.

"Ka ga wannan? Ya yi ritaya bai sanar da ni ba. Shekara biyu ke nan. Ba zai ƙara hawa bayan mota ba. Zanen nawa ne, amma 'yata ce za ta buga maka shi a ledarta mai gam."

Direba ya sauke tabarau ya dube shi. "Shekara biyu kana gaishe ni da hannu a aljihu kamar sabon attajiri, ka ɗauka makancewa na yi? Ni shaho na ce ina so, ban ce sai ka hau tsani ba."

Baba ya ja tsaki, amma na ga kafaɗunsa sun sauka. Ni kuwa na juya ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara, don kar a ga idona.

"Wannan ɗan abin fa, a ƙafarsa?" in ji ɗan Direba. "A na tsohuwar motar babana babu shi."

Sai a lokacin muka lura. A cikin faratan shahon akwai wani ɗan tsuntsu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, baki a wangame.

"Tsigi ce," in ji Baba. "Abincin ranarsa. Ka ga har an kama ta ba ta daina surutu ba."

Tsigi ta sa yatsa biyu ta buɗe wurin, ɗan tsuntsun ya cika bango. Ta daɗe tana dubawa, hannu a ƙugu.

"Tsoho, wanda aka kama fikafikansa a naɗe suke. Nawa ga su a buɗe, kuma sama nake yi. Kama ni ka yi, ko ni ce nake ɗauke da kai?"

Baba ya buɗe baki zai rama, sai dariya ta ƙwace masa, har haƙoran ukun suka fito gaba ɗaya. Ya laluba aljihun ƙirji, ya zaro wani tsohon buroshi siriri da aka naɗe a ƙyalle, wanda ko yayana bai taɓa bari ya taɓa ba. Ya miƙa mata da hannun dama, a fili, yana rawarsa.

"Karɓi, fitsararriya. Ki riƙa share ƙurar farantinki."

"Gashinsa ya fi na kanka yawa," ta ce. Ta karɓi buroshin da hagu, ta kama hannun da dama, ba ta sake shi ba. "Ƙarfe tara ake fara aji ranar Asabar. In ka makara, can baya za ka zauna, kusa da mai dankali."